Kofunan giyar Jamus da inda baƙo ya fi yin tuntuɓe, ko da ba ya sha

Yawancin 'yan uwanmu da ke Jamus ba sa shan giya, amma ba su tsira daga ƙa'idojinta ba. Wani ɗalibi ne da ke aikin sabis a gidan abinci, wani kuma abokan aiki ne suka ja shi liyafa bayan tashi. A ƙasar kowane yanki da irin kofinsa, kuma kofin yana tafe da dokar da ba a rubuta ta a bango ba.

Birnin Kolon ne ya fi kama baƙo. Giyarsu, Kölsch, a siririn kofi miƙaƙƙe ake zuba ta, mai suna Stange, wanda ke cin mililita 200 kacal. An ƙaranta shi ne don a shanye kafin sanyi da kumfa su tafi. Mai sabis a tsofaffin mashayun birnin, Köbes, yana yawo da shuɗin kyalle ɗaure a ƙugu da wani zagayayyen tire mai ramuka cike da kofuna. Ba ya tambayarka. Da ya ga kofi ya yi ƙasa sai ya dire wani, ya ja layi da fensir a kan ɗan kwalin da ake ɗora kofi a kai. Nan kuskure biyu suke. Na farko, mutum ya yi ta ɗaga hannu yana cewa ya isa, alhali alamar da aka sani ita ce ka ɗora kwalin a bakin kofinka. Na biyu, a mai da kwalin abin wasa, a yayyaga shi ko a yi zane a kai. Kwalin nan shi ne takardar lissafinka, layukan da ke kansa ake ƙirgawa wajen biya. Idan ba ka sha, ka faɗa tun kana zama, kafin ya ajiye maka na farko. Zai iya yi maka ba'a don ka nemi ruwa. Kada ka ɗauka da zafi, gatse na cikin aikinsa, har 'yan gari ba ya ƙyalewa.

Dusseldorf ba ta fi tafiyar kilomita 40 daga nan ba, amma tasu giyar Altbier ce, mai duhu, a gajeren kofi mai ɗan faɗi. Tsakanin biranen biyu akwai wasa irin na Kanawa da Zagezagi, don haka neman Kölsch a can jawo wa kai dariya ne.

A Bavariya kuma abin ya juye. Kofin Maß lita guda yake ci, ko babu komai a ciki ya haura kilo ɗaya, shi ake gani a bikin Oktoberfest na Munich da aka fara a 1810. A mariƙinsa ake kama shi da hannu ɗaya. Idan za a gwara kofuna kada yatsu su kasance a jikin gilashin ta waje, don sukan matse tsakanin kofi da kofi. Kuma ba tsaraba ba ne: fita da shi daga rumfar biki sata ce, masu gadi na ƙwace dubbai kowace shekara.

Wanda ya fi ba sababbin ma'aikata wahala shi ne dogon kofin Weizen, giyar alkama, mai cin rabin lita. Idan ka tsaida shi a bushe ka tuttula, kumfa za ka samu har baki ta malale a tebur. A fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, a karkata shi sosai, a zuba a hankali. Idan saura kaɗan a kwalba sai a jujjuya ta don yis ɗin da ya kwanta a gindi ya taso, a ƙarasa da shi. Bakin kofin nan ba shi da kauri, shi ya sa da gindinsa ake gwarawa.

Mai sabis ya lura da ɗan layin awo da ke jikin kowane kofi. Ruwan giyar ne zai kai layin, kumfa a samansa take zama. Idan kumfar ta ci layin an tauye wa mai saye mudu, kuma Bajamushe zai dawo maka da kofin ba kunya. Maiƙo kuwa kashe kumfa yake yi, saboda haka ba a wanke kofunan da soson tukwane, ba a kuma goge cikinsu da tsumma. A kife su su tsane.

Wajen cewa "Prost", kalmar da ake faɗa yayin gwara kofuna, ana kallon idon wanda ake gwarawa da shi, mutum ɗaya bayan ɗaya. Mu da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban babba, wannan yana mana nauyi, amma a wurinsu kau da ido ne rashin ladabi. Da kofin lemo ma ana yi, kuma ba a kurɓa kafin kowa ya samu nasa.

Sai batun da ya fi shafar Musulmi. Radler ba lemo ba ne, rabinsa giya ce. Abin da aka rubuta wa "alkoholfrei", wato marar barasa, kuma yana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, sai mai alamar 0,0 ne aka cire masa ita kusan kakaf. Wanda ba ya son shiga kokwanto ya nemi Apfelschorle, ruwan tuffa da ruwan gas, ko Spezi, haɗin kola da lemon zaƙi. Kusan ko'ina ana samun su, har a rumfunan Oktoberfest akwai abin sha marar barasa.

In ka ga tebur babu kowa da allon "Stammtisch" a kai, wuce shi. Na waɗanda suka saba zaman majalisa a wurin ne, kuma suna hanya.