Darasi na Bakwai: Kayan Gyaran da Mai Babur Zai Riƙe a Doguwar Tafiya

Mai babur da zai yi nisa bai kamata ya ɗauki kowane ƙarfen da ya gani ba, domin nauyi yana gajiyar da inji kuma yana wahalar da tuƙi. Abin da ake bukata shi ne kayan da suka dace da baburinka, waɗanda kuma ka taɓa aiki da su da hannunka. Kafin ranar tafiya, ka bi notunan babur ɗaya bayan ɗaya kana gwada sifana a kansu. A yawancin baburan ƙirar Japan, irin su Honda, Yamaha da Suzuki, sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17 ce ta fi aiki. Notin da ke riƙe wilin baya ya fi sauran girma, kuma shi aka fi mantawa da shi, alhali idan babu sifanarsa ba za a iya cire wilin ba. Ka haɗa da filaya, da sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu.

Taya ita ce ta fi tsayar da matafiyi, saboda haka a nan ya kamata a fi yin tanadi. Da farko ka san irin tayarka. Idan mai tib ce, kana bukatar ƙarfen cire taya biyu ko uku, da faci, da gam, da ɗan sanfefa, da sabon tib, domin tib ɗin da ya yage kusa da bakin iska ba ya karɓar faci. Bayan ka gano hujin, ka goge wurin da sanfefa, ka shafa gam kaɗan, ka jira har ya daina jiƙa yatsa, sannan ka manna facin ka danne shi sosai. Masu gaggawa sukan manna shi kan ɗanyen gam, sai ya ɓalle bayan ɗan lokaci. Kada ka mayar da tib sai ka shafa cikin tayar a hankali, domin sau da yawa ƙusar tana nan a maƙale, kuma ka kula kada ƙarfen ya tsunkule tib ɗin wajen mayarwa. Idan tayar marar tib ce, akwai igiyar roba mai danƙo da ake cusawa cikin hujin da tsinken ƙarfe ba tare da an cire wili ba, amma a wurin da taya ke taka ƙasa kaɗai take aiki, ban da gefenta. Ko wace iri ce, famfo da ma'aunin iska wajibi ne. Ana auna iska ne lokacin da taya take da sanyi, kuma adadin da ya dace yana cikin littafin babur.

Sarƙa tana son mai da kuma ɗauri daidai; a babura da dama ana barin ta da sassaucin santimita 2 zuwa 3. Ka riƙe man sarƙa da mahaɗinta guda ɗaya. Wayar kuloci takan tsinke ba tare da sanarwa ba, don haka a ɗauki wata, tare da fulogi da sifanarsa, da ƙwan fitila. Idan fiyus ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Ɗaura waya a madadinsa kasada ce da ke iya ƙone wayoyin babur gaba ɗaya.

Tocila, salatif na lantarki, siririyar wayar ɗauri, tsumma da ɗan baƙin mai ba su da nauyi. A naɗe ƙarafan cikin ƙyalle mai kauri don kada su huda sabon tib, a ajiye su ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar babur, inda za a iya ciro su ba sai an sauke dukkan kaya ba.

Aikin gwaji: a gida, ka cire wilin baya ka mayar da shi da kayan da ke cikin jakarka kaɗai. Duk abin da ka tashi nema a wani wuri, ka rubuta sunansa ka ƙara shi cikin jakar.