Kurakuran da masu jan wasan labari suka fi yi wajen gina duniyar wasa

Ga wanda bai taɓa zama an yi ba, wasan shi ne mutum huɗu ko biyar su zauna, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana magana da bakinsa yana zaɓar abin da zai yi, in an zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Wanda aka fi sani a duniya shi ne Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, su har ƙwaya mai fuska 20 suke jefawa, mu dai a fadarmu, wato majalisar da muke zaman shayi nan unguwar Zango a Damagaram, ƙwayar ludo biyu muke da ita da tabarma da butar shayi kuma wallahi ya ishe mu. Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce wa zai gina duniyar da labarin ke faruwa a ciki, mai jan wasa ya shirya ta tun daga gida, ko a haɗu a gina tare? Na ja wasa ta hanyoyin biyu, kuma abin da nake nema kullum ɗaya ne, lokacin nan da labari ke ɗauke mutum har shayinsa ya huce a gabansa bai sani ba.

Kuskuren da na fi gani, ni ma da shi na fara, shi ne cika kaye, wato littafin rubutu, da tarihi. Mutum ya kwana yana rubuta sarakuna goma sha biyu da yaƙe-yaƙensu da sunan kowane kogi, ran wasa sai ya buɗe kaye ya hau karatu kamar a lakwal, kafin ya kai sarki na uku mutum biyu sun ciro waya. Ba wai tarihin ba shi da kyau ba ne, matsalar ba wanda ya taɓa shi da hannunsa. Gani ya kori ji. In kana so su san an taɓa yaƙi a garin, sa su iske ganuwa ta rushe ta gefe ɗaya da wani tsoho mai hannu guda yana sayar da ruwa a gindinta, su da kansu za su tambaye shi, kuma abin da mutum ya tambaya da bakinsa ba ya mantawa. Abin da za ka shirya kaɗan ne: wurin da za su taka a daren nan, mutum uku ko huɗu da abin da kowannensu yake so, da sirri ɗaya wanda ka san amsarsa tun kafin a zauna. Sauran ka bar shi fili.

To akwai kuma masu jin haka su tsallaka ɗaya gefen gaba ɗaya, su zo hannu rabbana su ce ai tare za mu gina. Nan ne ake kashe wasa ba a sani ba. Misali ayari ya tashi daga Zango ya nufi Agadas, an wuce Tanut ruwa ya ƙare, an iso rijiya an leƙa an ga wani abu yana motsi a ƙasa, kowa ya yi tsit. Sai mai jan wasa ya juya ya ce, to kai me kake ganin yana ciki? Shi ke nan tsoron ya tafi, don yanzu kowa ya gane rijiyar ba komai cikinta sai abin da aka ga dama aka zuba. Wanda ke tsaye bakin rijiya ba zai iya jin tsoron abin da shi ya ƙirƙira da bakinsa ba. Abin da ke bayan ƙofa, wanda ya saci raƙumin madugu, ko ɗan jagora maci amana ne, waɗannan naka ne kai mai jan wasa, ka riƙe su gam kar ka canza su a tsakiyar hanya don wani ya yi hasashen da ya fi naka daɗi. In suka gane kana canzawa ba za su sake wahalar da kansu wajen bin sawu ba.

Amma fa kar a ji kamar ina cewa a hana ƴan wasa sa hannu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda ake kuskure shi ne irin tambayar da lokacinta. Ka tambayi mutum abin da wanda ya ɗauka a labarin ya riga ya sani. Wanda ya ɗauki ɗan maƙeri ka ce masa, wa ya koya maka ƙira, kuma me ya raba ku? Wadda ta ɗauki ƴar fatake ka ce, kin taɓa kwana a wannan zangon, wa kike bi bashi a nan? Irin wannan tambayar tana ƙara tura mutum cikin labarin ne don yana amsawa kamar mai tuno baya. Wasan Apocalypse World na Vincent Baker da ya fito a 2010 a kan wannan ya tsaya, mai jan wasa ya yawaita tambaya ya yi gini a kan amsa, kuma ƙwaya biyu masu fuska 6 ake jefawa, 10 zuwa sama ka ci, 7 zuwa 9 ka ci amma da asara, 6 zuwa ƙasa abu ya ɓaci, kun ga daidai da kayan da muke da su. In kuma da gaske kuna son gina komai tare, ku ware masa dare guda daban kafin a fara labarin. Akwai wasannin da aikinsu ke nan kacokan, kamar Microscope na Ben Robbins na 2011 inda ake tsara tarihin duniya bi da bi babu mai jan wasa. Ku zana taswira, ku raɗa wa garuruwa suna, in an gama a rufe wannan babin a shiga wasa.

Sai mantuwa, wannan kam tana min ciwo. Yaro ya ce kakarsa a labarin mai saƙar tabarma ce a bakin kasuwa, kowa ya ji daɗi, sati biyu aka dawo kasuwar babu kaka babu labarinta. Ya koyi cewa maganarsa ba ta da nauyi, gobe ko ka tambaye shi zai ce duk ɗaya ne. Bik da kaye a gefenka, duk abin da wani ya ƙara ka rubuta nan take, sannan ka dawo da shi ya yi aiki: ran da ɓarayi suka shiga kasuwa, rumfar kakar ce kan hanya.

Wani abu da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne kunya. A fada in akwai babba a zaune, ƙane ba zai tsinka masa magana ba, in ka jefa tambaya a tsakiya ka ce kowa ya kawo shawara, mutum biyu masu baki ne za su gina duniyar duka sauran suna gyaɗa kai. Ni yanzu suna nake kira, kuma daga ƙarami nake farawa kafin ya ji abin da Yaya zai ce ya bi bayansa. Babban ma in ka ja shi gefe ka ce Yaya don Allah a bar su su fara, ba ya ƙi.

Sannan kwafe duniyar wasu. Za ka ji an ce kun shiga dogon gidan sarki na dutse dusar ƙanƙara tana zuba, duk wanda ke zaune bai taɓa ganin dusar ƙanƙara tana zuba ba, to me zai gani a zuciyarsa? Alhali ga lungunan Birni da bangon ƙasa mai zane, ga manyan duwatsun da suka kewaye mu, ga labarin Sarkin Damagaram Tanimun da ganuwarsa da igwoyin da aka ƙera a garin nan, ga Kasuwar Dole ran Alhamis. Ka ce musu iskar hunturu ta taso da ƙura har ba a ganin raƙumin gaba, ba sai ka ƙara komai ba, kowa ya ji ta a hancinsa. Sai dai ina ba da shawara a canza sunaye, a yi gari mai kama da namu amma ba namu ba, don da zarar ka sa sarautar gaske ko wata ƙabila ta gaske a matsayin mugaye, a cikin masu zaman akwai jikan wani, wasa ya koma rigima.

Wannan ya kawo ni kan zaman farko da mutane ke tsallakewa don ɗoki. Kafin a jefa ƙwaya ko sau ɗaya ku yi magana a fili: za a sa aljanu da tsafi ko a'a, don akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da su ba kuma haƙƙinsa ne, addini ba a wasa da shi, mutumin da kake takawa zai iya mutuwa ko ba zai iya ba, wane yanki ne na mai jan wasa wane ne na kowa. Minti 20 ya isa, a kan shayin farko ma an gama, in aka zuba na biyu sai ka ce ga ta nan ga ta nanku, ayari ya tashi.