Kurakuran da aka fi yi wajen sa makarin hannu da canza robar kan babur

Na gaji da ganin sababbin masu babur suna maimaita kuskure iri ɗaya, don haka zan fara da wanda ya kusa halaka ni: totur da ba ya komawa.

Makarin hannu mai ƙarfe, wato garkuwar da ke kare hannun mai tuƙi, a bakin kan babur ake ɗaure shi, saboda haka dole a yanke ƙarshen robobin riƙo biyu da na bututun totur da ta dama take kai. A nan na yi ganganci. Na yanke ban goge bakin ba, na matse noti har makarin ya danne robar. A tsaye komai lafiya lau. Sai da na zo kwana na saki totur, inji ya ci gaba da ruri, babur na ja na. Allah ya taimake ni na damƙe kuloci na kashe inji, amma na sha ƙasa, kafaɗata ta yi wata biyu tana ciwo. Tun daga ranar nake barin tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin roba da makari. Kafin in tayar, sai in murɗa totur in saki in ji ya koma da kansa, kan yana miƙe, sannan in karya shi hagu har ƙarshe, in karya dama, in sake gwadawa.

Ku kuma masu shafa sabulu ko baƙin mai don roba ta shige da sauƙi, don Allah ku daina! Mai ba ya bushewa, sabulu kuwa da ruwan sama ya taɓa shi santsinsa ya dawo, roba ta riƙa juyawa a hannunka kana tsakiyar titi. Ni dai sai na kankare tsohon gam tas, in goge ƙarfen da sifirit, in shafa gam kaɗan, in bar babur ya kwana. Wasu na cewa awa biyu ta isa. Ban yarda ba. A gefen dama a kula ƙwarai, ɗigon gam ɗaya ya shiga tsakanin bututu da ƙarfe, totur ya liƙe.

Hannun birki ma haka. In makari yana taɓa shi ko kaɗan, birkin gaba ba zai saku sosai ba, ya yi ta ɗaukar zafi har ya iya kama taya. Yatsa ya kamata ya wuce tsakaninsu.

Robobin biyu ba ɗaya ba ne: kaurin ƙarfen kan yawancin babura milimita 22 ne, amma ta dama raminta ya fi faɗi saboda bututun. Kada ka danna reza wajen cire tsohuwa, bututun roba ne, zai tsage. Wajen ɗaure makari, kada ka matse noti ɗaya kafin sauran su zauna. Ka duba ko makari na bugun tanki, ko ya danne wayar totur da tiyon birki. Bayan tafiyar farko ka sake bin notuka da sifana, girgiza na kwance su.