Abin da Za Ka Duba Idan Injin Kwale-kwale Ya Ƙi Tashi

Galibin injinan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale, idan suka ƙi tashi, ba lalacewa suka yi ba, wani ƙaramin abu ne aka manta. Saboda haka kada ka yi saurin ɗaukar sifana. Idan a tsakiyar ruwa kake, fara jefa anga don kada igiyar ruwa ta tafi da kai, sannan ka duba abubuwa biyu da suka fi ba matuƙa kunya. Na farko shi ne igiyar tsaro da ake ɗaurawa a hannu: muddin maƙalinta bai zauna daidai a makunninsa ba, filogi ba zai ba da wuta ba ko ka kwana kana jan igiyar tayar da inji. Na biyu shi ne giya, domin yawancin injina ba sa yarda a tayar da su sai giya tana firi.

Daga nan sai ka saurari injin. Idan mai batir ne, ka murɗa makulli ka ji shiru ko ƙas-ƙas kawai, matsalar ta wuta ce. Duba kan batir, ka kankare tsatsa, ka ɗaure wayoyin tamau, ka duba fiyus. Batirin da ya cika yakan nuna kusan volt 12.6 a ma'aunin wuta, idan kuwa ya sauko zuwa 12.0, ƙarfinsa ya ragu sosai.

Idan injin yana juyawa amma bai kama ba, mai za ka bi, kuma a nan ne ya kamata ka yi haƙuri, domin nan ne aka fi samun matsalar. Buɗe ƙaramar kafar iska da ke kan murfin tanki, saboda idan tana rufe, mai ba zai taho ba. Tabbatar bakin tiyo ya shiga da kyau ta ɓangaren tanki da ta ɓangaren inji. Sai ka matsa robar famfon da ke tsakiyar tiyo har ta yi tauri, kana lura da kibiyar da ke jikinta, wadda dole ta fuskanci inji. Robar da ta ƙi tauri tana nuna cewa iska na shiga ta wata tsaga ko mai ya ƙare, wadda ta lotse ta ƙi dawowa kuwa tana nuna toshewa ta wajen tanki. Shi kansa man abin tuhuma ne. Fetur da ya yi watanni a ajiye yakan yi danƙo ya toshe ƙananan kafofin kafireta, ruwa kuma, da yake ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a ƙasan tanki, daidai inda tiyo ke zuƙa. Tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske, in da ruwa za ka gan shi a ƙasa. Injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai yana da ma'auninsa, sau da yawa kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, amma abin da littafin injinka ya ce shi za ka bi.

Akwai kuma akasin haka, wato mai ya yi yawa. Inji mai sanyi ne ke bukatar cok, wato abin da ke ƙara yawan fetur a gaurayen mai da iska da ke shiga inji, wanda ya riga ya yi zafi kuwa cok shaƙe shi yake yi. Idan ka ji warin fetur ya yi ƙarfi, mayar da cok, ka dakata 'yan mintoci, sannan ka buɗe totur a firi ka sake gwadawa.

Sai filogi. Kwance shi ka duba bakinsa: jiƙaƙƙe yana nufin mai na zuwa amma bai ƙone ba, busasshe ƙarau bayan ja da yawa yana nufin mai bai iso ba. Wanda ya yi baƙi a goge shi, amma ni na fi son a ajiye sabo a jirgi kullum. Kada ka gwada tartsatsinsa kusa da fetur da ya zube.

Idan mai da wuta duk sun samu amma injin ya ƙi, musamman in igiyar ja ta yi sakwaf ba ta da nauyin da ka saba ji, wataƙila matsin silinda ne ya ragu, wannan kuwa aikin makanike ne. In za ka gwada injin a tudu kafin ka kai masa, tsoma ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa mai farfela, cikin durom na ruwa, domin robar da ke tura ruwan sanyaya inji takan ƙone cikin daƙiƙu idan ta juya a bushe.