Kurakuran da ke sa yaro ya tsani fiyano, da yadda ake gyara su

Yaro kan fara koyon fiyano da ɗoki, shi ne ma ke tuna wa uwarsa cewa yau akwai darasi. Bayan 'yan watanni sai an yi lallashi kafin ya zauna a gaban kayan kiɗan, daga nan sai a ce ai ba shi da baiwa. Kafin a yanke masa wannan hukunci, ya kamata a duba abin da aka saya masa, da yadda ake sa shi maimaici a gida, da irin kiɗan da malam ke ba shi.

Kuskuren farko a kasuwa ake yin sa. Uba zai shiga shago ya ɗauko ƙaramin fiyano mai maɓallai 61, irin wanda ake haɗa kiɗa da shi a situdiyo, saboda ya fi araha kuma yana da ganguna da sarewa a ciki. Maɓallansa ba su da nauyi, wasu ma ko ka danna da ƙarfi ko a hankali ƙara ɗaya suke bayarwa. Alhali abin da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700 shi ne kayan kiɗan da ƙarfin sautinsa ke bin ƙarfin yatsa. Yaron da ya saba da maɓalli mara nauyi, idan ya je wurin malam sai yatsunsa su kasa, abin da ya iya a gida ya gagare shi, ya dawo yana ganin kansa daƙiƙi. Cikakken fiyano maɓallai 88 gare shi, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma akwai na lantarki masu nauyin maɓalli kamar Yamaha P-45 ko Casio Privia. A shago a taɓa maɓalli ɗaya a hankali, a sake buga shi da ƙarfi. In sautin bai bambanta ba, a ajiye. Idan aljihu bai kai ba, mai 61 ɗin da ke jin ƙarfin yatsa zai riƙe yaro a shekarar farko, amma a san cewa na wucin gadi ne.

Wasu kuma a ɗaya gefen suke faɗawa: su dage sai fiyanon katako, su sayo tsoho na gwanjo don ya ƙawata falo. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe sama da 200 a ɗaure tamau, ga allon katako da ke kumbura da damina, ya bushe ƙayau da hunturu. Sautin sai ya karkace, dole a kira mai saita shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma masu wannan sana'a ba a kowane gari ake samun su ba. Yaron da ke koyo a kan fiyanon da ya kauce saiti yana danna daidai, kunnensa na jin ba daidai ba. Na lantarki ba ya buƙatar saiti ko kaɗan, kuma tun da kamfanin Yamaha ya fito da fiyanonsa na lantarki mai suna Clavinova a 1983 ake ta inganta irinsa. Gaskiya ne bai kai babban fiyanon katako mai kyau zurfin sauti ba, amma a ganina ya fi tsohon da ba a kula da shi nesa ba kusa ba. Maƙiyan na lantarkin biyu ne, wuta mai hawa da sauka da kuma ƙura. A haɗa shi da sitabilaiza, a rufe shi da mayafi bayan an gama.

Wurin zama ma ana raina shi. Idan kujera ta yi ƙasa yaro zai ɗaga kafaɗa, idan ƙafafunsa na lilo ba zai natsu ba. Gwiwar hannunsa ta yi daidai da tsayin maɓallai, a sa masa ɗan akwati ya taka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne maimaicin gida. Tsakanin boko da Islamiyya da aikin gida, iyaye kan tara komai zuwa Asabar, a ce yaro ya zauna awa guda. Ɗan shekara bakwai ba ya riƙe hankalinsa awa guda a kan abu ɗaya, kuma yatsu da maimaicin kullum suke koyo. Minti goma zuwa sha biyar kowace rana, a lokaci guda da aka tsayar, ya fi wannan awar amfani. Sai dai lokaci kaɗai bai isa ba. “Je ka yi fiyanonka” ba umarni ba ne da yaro zai iya aiki da shi. Abin da zai yi shi ne ya fara waƙar daga farko, ya yi tuntuɓe a inda ya saba, ya koma farko, ya sake tuntuɓe a wurin. Da haka kuskuren ne yake haddacewa. Malam ya rubuta masa aiki ƙarami a littafi: wannan layin kawai, hannun dama shi kaɗai, sau biyar, a hankali. Idan ya yi, ya tashi, ko da minti shida ya ɗauka. Yaron da ya san aikinsa na da iyaka ba ya jin tsoron fara shi.

Malamin da ke buga wa yaro rula a yatsa kuwa, a canza shi. Hannun da ke jiran duka sandarewa yake yi, kuma sandararren hannu ba ya kiɗa. Haka nan mayar da maimaici horo, ko cewa “dubi ƙanwarka ta fi ka”.

Abin sauraro na kunne yana cikin manyan alfanun fiyanon lantarki, musamman a gidan haya ko gidan da ke da jariri. Yaro mai kunya ma yakan saki jiki ya yi kuskurensa ba wanda ya ji. Amma idan kullum a kunne yake kiɗa, gida ba wanda ya san inda ya kai, shi kuma ya ga ba wanda ya damu. Shinichi Suzuki, malamin kiɗan nan na Japan, ya gina tsarinsa a kan cewa uwa ko uba su halarci darasi su kuma zauna da yaro a gida. Ba sai kin iya kiɗa ba, Hajiya. Ki ce ya cire abin kunnen ya kaɗa miki layin da ya koya, ki faɗi takamaiman abin da kika ji ya gyaru. A kuma riƙa duba ƙarar da yake sawa, don yara na son ƙure ta.

Sai maɓallan wasa, wato waɗanda ke sauya muryar fiyanon lantarki zuwa ta wasu kayan kiɗa. Wasu iyaye kan hana yaro taɓa su gaba ɗaya, wasu su bar shi ya ƙare lokacinsa yana sauya murya daga ganga zuwa algaita. A bar masa minti biyar na ƙarshe ya yi son ransa. Kaɗa waƙar da ya gaji da ita da wata murya kan sa ya maimaita ta ba tare da an roƙe shi ba. Wanda ya fi amfani, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne maɓallin naɗar sauti. Yaro ba ya jin ci gabansa daga rana zuwa rana, amma in aka kunna masa abin da ya kaɗa wata biyu baya, da kansa zai yi dariya. Na'urar ƙirga bugu da ke ciki a jinkirta ta sai yatsu sun san hanya, sannan a fara da bugu mai tafiya a hankali. Maɓallin da ke ɗaga sauti ko sauke shi kuwa, wanda masu kiɗa a coci da wuraren biki ke yawan dogaro da shi, a nesanta ɗalibi da shi, in ba haka ba zai girma ya iya kiɗa a mataki ɗaya tak.

Malamai da yawa ba sa fita daga littafin darasi, wanda waƙoƙinsa na yaran Turai ne da yaronmu bai taɓa ji ba. Karatun rubutun kiɗa wajibi ne, amma ba ya hana a ba yaro abin da kunnensa ya sani. Da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen maɓallai sauti biyar ɗin suke bayarwa. A bar shi ya lalubo waƙar gaɗa ko ta tashe a kansu da kunne, malam ya raka shi da hannun hagu. Ranar da ya kaɗa abin da kakarsa ta gane har ta amsa, ba sai an tura shi maimaici washegari ba.

Jarrabawa tana da ranarta. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan, wadda aka kafa a 1889, tana da matakai daga 1 zuwa 8, kuma MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas, na shirya tata. Kuskuren shi ne a tsare yaro shekara guda a kan 'yan waƙoƙin jarrabawa don a samu takardar rataya a bango. A haɗa masa da gajerun waƙoƙi masu sauƙi da zai gama cikin mako ɗaya ko biyu, kuma duk ƙarshen wata a tara 'yan gida ya kaɗa musu biyu daga cikin waɗanda ya zaɓa da kansa.

Idan duk da haka ya ce ya gaji, a tambaye shi wane ɓangare ne ya ishe shi. Sau da yawa amsar ba ta wuce waƙa guda da ta yi masa tsauri, ko lokacin maimaicin da ya ci karo da wasan ƙwallon abokansa. Waƙar a ajiye ta zuwa gaba, lokacin kuma a matsar da shi bayan magariba.