Wace kotu za ka kai ƙararka a Sakkwato?

Shekara biyu gwaggona ta yi tana zirga-zirga kan wani fili nata a cikin garin Sakkwato, daga baya aka ce kotun da ta saurari maganar ba ta da hurumi. Aka koma farko. Kuɗin mota, kuɗin lauya, wahalar shaidu, duk suka bi ruwa. Tun daga nan, duk wanda ya ce mini zai kai ƙara, tambayata ta farko ita ce: wurin wane alƙali?

Fara da duba irin matsalarka. In aure ne, ko saki, ko riƙon yara, ko rabon gado tsakanin Musulmi, nufi kotun shari'ar Musulunci. Muna da ƙarama da babba, kuma alƙalinsu da mazhabar Malikiyya yake hukunci. Ka je wurin rajistara, ka faɗi ƙararka, ka biya kuɗin sammaci, ka karɓi rasit. Kada ka bar wurin ba rasit, don Allah. Ba dole sai da lauya ba, amma shaidu su ne ƙarfinka, sai ka tanade su tun kafin ranar zama.

In hukuncin bai gamsar da kai ba, daga ƙarama sai babba, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta. Can mutum ɗaya ba ya zama shi kaɗai, sai aƙalla kadi uku. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa abin da ke hannunsu: aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado.

Majistare kuwa, galibi wurinsa 'yan sanda ke fara kai wanda suka kama, can ake neman beli. Laifin kisan kai ya fi ƙarfinsa, na Babbar Kotun Jiha ne, inda joji ke zama.

To ga inda gwaggo ta yi tuntuɓe. Filin da ke da takardar mallaka ta gwamna, dokar filaye ta 1978 ta ce rikicin mallakarsa na Babbar Kotun Jiha ne. Saboda haka kafin ka motsa, ɗauko takardar filinka ka ga wa ya sa mata hannu, gwamna ko ƙaramar hukuma. Ni a ganina wannan ya kamata a riƙa faɗa wa mutane tun a teburin rajistara, ba sai sun tsufa a kan benci ba.

Rikici da hukumar gwamnatin tarayya, ko tuhumar safarar miyagun ƙwayoyi, na Babbar Kotun Tarayya ne. Kora daga aiki ko hana albashi, Kotun Ma'aikata.

Sama da waɗannan akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, alƙalai uku ke zama. Ƙarshen tafiya Kotun Ƙoli a Abuja. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi: a shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku ne daga ranar da babbar kotu ta yanke hukuncin ƙarshe. Ranar da aka karanta hukunci, a ranar ka nemi kwafinsa.