Yadda Ake Ba Kwamfuta Intanet Daga Waya Ta Kebul

Da farko a kunna data a wayar, sannan a haɗa ta da kwamfuta da kebul na USB mai ɗaukar bayanai, domin wasu igiyoyin caji masu arha wuta kaɗai suke kaiwa. A wayar Android, a shiga saituna, a nemi sashen raba intanet, a kunna maɓallin "USB tethering", wanda ba ya taɓuwa sai an jona kebul ɗin. Mai iPhone kuwa zai buƙaci manhajar iTunes ko Apple Devices, na kamfanin Apple, a kwamfutar Windows.

Wannan hanya ta fi Wi-Fi kwanciyar hankali, tunda wayar tana caji ana aiki. Sai dai a dakatar da sabunta Windows tukuna, domin yakan lashe data mai yawa ba tare da an ankara ba.